Rigar ƙwallon da ta ƙi rabuwa da tsamin gumi

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Kano, ina kuma buga wa ƙungiyar unguwarmu ƙwallo, muna fita atisaye sau huɗu a mako bayan sallar La'asar. Jesi biyu gare ni da gajeren wando biyu da safa, kuma ni nake wanke su da kaina. Damuwata ita ce, duk yadda na wanke su, da zarar na sa na yi gudu na minti goma sai wani tsami ya taso kamar ba su taɓa ganin ruwa ba. Na ƙara yawan omo, na zuba Dettol, na fesa turare, har turaren wuta ƙanwata ta yi musu, amma abin sai gaba yake yi. Yanzu har kunyar shiga sahun Magariba nake ji idan mun tashi daga fili, abokai kuma sun fara yi mini shaguɓe. Ba mu da injin wanki, ruwa ma a wajen 'yan garuwa muke saya, kuma ba ni da kuɗin sayen sabulai masu tsada. Ina mafita?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, domin wanda yake wanke kayansa da hannunsa sau huɗu a mako ba a kiransa ƙazami. Abin da ke damunka ya samo asali ne daga irin yadin da ake ɗinka jesi da shi, da kuma abin da ke faruwa da rigar tsakanin lokacin da ka cire ta da lokacin da ta shiga ruwa. Maganinsa ma bai kai kuɗin da kake kashewa yanzu a kan Dettol da turare ba.

Gumi a lokacin da yake fitowa daga jiki kusan ba shi da wari. Mafi yawansa ruwa ne da ɗan gishiri, amma wanda ke fitowa daga hammata da matsematsi yana ɗauke da maiƙo da furotin, ga kuma maiƙon da fata ke fitarwa da kanta a wuya da ƙirji da baya. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fatar kowane ɗan Adam su ne ke cin wannan maiƙo, kuma abin da suke fitarwa bayan sun ci shi ne tsamin da hanci ke ji. Saboda haka duk inda maiƙon jiki ya samu wurin maƙalewa, ga danshi ga ɗumi, to an kafa wa wari gida.

Kusan duk jesin da ake sayarwa yau, sabo ne ko na gwanjon Ƙofar Wambai, da poliyesta ake yin sa, wato zaren roba wanda asalinsa daga sinadaran man fetur ne. An zaɓe shi domin ba ya shan ruwa kamar auduga, yana tura gumi waje ya bushe da wuri, shi ya sa rigar ba ta yi wa ɗan wasa nauyi. Sai dai halin da ya sa zaren ke ƙin ruwa shi ne kuma ya sa yake son mai. Yana janyo maiƙon jiki ya riƙe shi gam, ruwan wanki kuma ya zo ya wuce ta kansa bai taɓa shi ba. A shekarar 2014 masu bincike a Jami'ar Ghent da ke ƙasar Beljiyam sun karɓi rigunan mutum 26 bayan sun yi motsa jiki mai tsanani a kan keke, suka ajiye su na awa 28, sannan suka sa ƙwararrun masu sunsuna suka gwada. Rigunan poliyesta sun fi na auduga wari nesa ba kusa ba, kuma an tarar da wata irin bakteriya mai suna Maikrokokus tana yaɗuwa a kan poliyesta fiye da yadda take yi a kan auduga. Binciken da Rachel McQueen ta daɗe tana yi a Jami'ar Alberta ta Kanada shi ma ya nuna cewa poliyesta ta fi auduga riƙe sinadaran wari, kuma wankin yau da kullum bai cika fitar da su duka ba, sai su riƙa taruwa daga sawa zuwa sawa.

Wannan shi ne bayanin minti goman da ka ambata. Idan rigar ta bushe ta yi sanyi, tsohon maiƙon yana nan kwance a cikin zare ba ya motsi, sai ka sunsuna ka ji ƙamshin omo ka ɗauka ta fita. Da jikinka ya ɗau zafi sabon gumi ya jiƙa ta, sai warin makonnin baya ya taso gaba ɗaya. Turare ba ya cire maiƙo, hasali ma yawancin turarukanmu da mai ake haɗa su, sai su hau kan wanda ke ciki su ba da wani gauraye da ya fi tsamin asali tayar da zuciya. Dettol yana kashe wasu ƙwayoyin, amma yana barin abincinsu a wurin, kuma fatarka za ta mayar da sababbi cikin rigar a ranar da ka sake sa ta. Ƙarin omo kuwa, a wurin wanda ke sayen ruwa da jarka, ya fi kusa da ƙara ciwo, domin kumfar da ba a ɗauraye ta sosai ba tana bushewa a jikin zare tare da dattin da ta ɗauko.

Akwai abin da ba ka faɗa ba a wasiƙarka, amma zan yi hasashe, domin na san halin 'yan ƙwallo. Ana tashi daga fili sai a tuɓe jesi a jiƙe, a dunƙule shi da safa a cusa cikin leda ko cikin jaka tare da takalmi, a ƙulle, ba za a sake tunawa da shi ba sai washegari ko ma jibi. A ganina rabin matsalarka a cikin wannan leda take. Danshi da ɗumi da rashin iska na dare ɗaya sun ishi ƙwayoyin nan su ninka kansu sau da yawa, kuma abin da suka saka a cikin zare a wannan dare ba ya fita da wanki ɗaya. Daga yau ka mayar da shi doka cewa kayan wasa ba sa kwana a dunƙule. Idan ka isa gida ka juya rigar ciki ya koma waje, ka tsoma ta a ruwa kofi uku ko huɗu ka matse, ka baza ta a igiya. Ko da ba za ka yi wankin ba sai da safe, wannan ɗauraya ta minti biyu tana fitar da gishiri da gumi tun ba su zauna ba. Ranar da ruwa ya yanke gaba ɗaya, baza ta a iska kawai ya fi barin ta a jaka.

To, sai batun warin da ya riga ya kama. Wannan yana buƙatar babban wanki guda ɗaya, wataƙila biyu, wanda za ka ware wa safiyar da ba ka da atisaye. Ka juya kayan ciki waje, domin dattin a ɓangaren da ke taɓa fata yake. Ka samu sabulun ruwa na wanke-wanke, irin wanda ake wanke tukunyar miya da shi, ka ɗiga kaɗan a hammatar rigar da wuyanta da tsakiyar baya da ƙugun wando, ka murza da yatsa a hankali ka bar shi kamar minti 15. An yi wannan sabulu ne musamman domin narkar da mai, kuma ɗigo kaɗan ya wadatar. Bayan haka ka haɗa ruwa mai ɗumi a baho, wanda hannu zai shiga ba tare da jin zafi ba, kimanin digiri 40 ke nan. Ba sai ka ƙona gawayi ko gas ba, bokitin da aka bari a ranar Kano daga hantsi zuwa azahar yakan yi ɗumin da ake so. Idan kuwa da tafasasshen ruwa za ka haɗa, kofi ɗaya nasa a cikin kofi biyar na ruwan jarka ya isa.

A cikin ruwa lita huɗu zuwa biyar ka zuba omo babban cokali ɗaya, ka kaɗa har ya narke tas kafin kaya su shiga, sannan ka jiƙa su na awa ɗaya. Jiƙon nan shi ne aikin, kuma shi ne abin da masu gaggawa ke tsallakewa. Yawancin manyan omo na kasuwa suna ɗauke da sinadaran da ake kira inzayim, waɗanda ke kakkarya furotin da tabon jiki, amma suna buƙatar lokaci da ɗan ɗumi kafin su yi tasiri. Wanda ya zuba omo ya cuɗa nan take ya ɗauraye cikin minti biyar ya zubar da kuɗinsa ne a kwata. Idan awa ta cika ka cuɗa da hannu, ka fi ba hammata da wuya ƙarfi, amma kada ka sa buroshi mai tauri ko ka buga a dutse, domin lamba da tambarin da aka manna da zafi suna ɓarewa.

Bayan ka ɗauraye kumfar, sai ka yi jiƙo na biyu da farin ruwan khal, wanda ake samu a shagunan kayan kek da manyan kantuna, kuma ƙaramar kwalba tana daɗewa. Kofi ɗaya na khal a cikin kofi huɗu na ruwa, gwargwadon abin da zai rufe riguna biyu idan an danna su, na tsawon minti 30. Tsamin khal yana narkar da ragowar sabulu da gishirin ruwa da suka daskare a zare, yana kuma karya warin da ke kama da na fitsari wanda tsohon gumi ke yi. Ƙaurinsa yana tafiya idan rigar ta bushe. In khal bai samu ba, ruwan lemun tsami huɗu ko biyar da aka tace yana yin kusan irin aikin, sai dai a ɗauraye shi sosai kafin shanya, saboda yana iya kashe launi idan rana ta buge shi.

Wasu za su ce maka bekin soda ta fi, kuma ita ma tana da amfani, musamman a kan wari mai tsami: babban cokali uku a cikin ruwan jiƙo na farko tare da omo. Kuskuren da ya yaɗu shi ne zuba ta tare da khal a baho ɗaya. Za ka ga kumfa tana tashi kamar ana babban aiki, alhali biyun kashe juna suke yi, abin da zai rage ruwa ne da wani gishiri marar amfani. A yi ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe, da ɗauraya a tsakani. Kuma ka lura da kyau a wajen saye, bekin soda ta masu cincin da kek nake nufi, wadda ta sha bamban da sodar da ake haɗa sabulu da ita, domin waccan tana ƙona fata ta cinye yadi. Kanwar da ke kicin ɗin mahaifiyarka dangin bekin soda ce, iyayenmu kuma sun daɗe suna wanki da ita. Ana iya jiƙa ɗan gutsure a kofi, a bar ƙasar ta kwanta, a tsiyaye ruwan saman a zuba cikin jiƙo. Ni dai ba na sa jar kanwa a kan farar riga, saboda tana iya barin shaida.

Da yake ruwan garuwa kuke saya, ka lura da yadda yake karɓar sabulu. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da dama yana da zartsi, wato yana ɗauke da kalsiyam da magniziyam, kuma alamarsa ita ce sabulu ya ƙi kumfa, wani farin dusa-dusa ya taso a saman baho. Wannan dusar haɗuwar sabulu ce da gishirin ruwan, tana manne wa yadi ta rufe datti a ƙarƙashinta. Saboda haka sabulun wanki na sanda da sabulun salo, duk da kyansu a kan shadda da atamfa, ba su ne zaɓin farko ga jesi ba a irin wannan ruwa. Omo ya fi dacewa, domin an haɗa shi da sinadaran da ke kama gishirin. Haka kuma ka guji ruwan ƙamshin nan da ake zubawa a ɗaurayar ƙarshe don tausasa tufafi, aikinsa shi ne shafa wa zare wani siririn maiƙo, wanda shi ne ainihin abin da muke ƙoƙarin cirewa.

Akwai gargaɗi ɗaya da nake so ka riƙe da muhimmanci. Kada ka kusanci kayan wasa da bilic irin su Hypo da Jik. Yana tsinka zaren roba mai talewa da ke ƙugun wando da bakin safa, yana kuma mayar da farar poliyesta ruwan ɗorawa, launin da ba ya komawa. Na taɓa lalata farar riga da nake ji da ita ta wannan hanya tun ina saurayi, na yi ta ƙara bilic ina zaton datti ne, ashe yadin ne ya ƙone. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne haɗa bilic da khal ko lemun tsami, domin suna fitar da iskar kulorin mai guba wadda ke shaƙe numfashi ta ƙona ido, musamman a cikin banɗaki ko ɗakin da ba iska. Ko bahon da aka yi amfani da bilic a cikinsa sai an wanke shi kafin a zuba khal.

Game da ɗauraya, ruwa kaɗan sau uku ya fi ruwa mai yawa sau ɗaya, muddin kana matse kayan sosai tsakanin kowace ɗauraya. Poliyesta ba ta shan ruwa, don haka rabin bokiti zai ishi riguna biyu da wanduna biyu idan ka raba shi uku. Ruwan ɗaurayar ƙarshe kuma ka ajiye shi don jiƙa safa.

Shanya tana da nata ƙa'idar. A baza kowace riga ita kaɗai a igiya, ciki a waje, inda rana da iska za su same ta, domin hasken rana yana kashe ƙwayoyi da yawa kyauta, juyawar kuma tana kare lamba da launi daga koɗewa. Awa ɗaya ko biyu ta isa a bazara da hunturu, ba sai ta wuni tana gasuwa ba. Lokacin da za ka fi shan wahala shi ne tsakiyar damina, musamman watan Agusta, sa'ad da kaya kan kwana biyu a ɗaki ba su bushe ba. A 2012 masu bincike na kamfanin Kao a Japan sun gano cewa wata bakteriya mai suna Morakzela ce ke haddasa warin tsumman goge-goge da tufafi ke yi idan sun daɗe da danshi bayan wanki. Idan hadari ya hana shanya a waje, ka naɗe rigar cikin busasshen tawul ka murɗa ya tsotse ruwan, sannan ka rataye ta a hanga kusa da taga ko ƙarƙashin fanka. Kada ka ninke ta ka ajiye matuƙar akwai sauran sanyi a ɗinkin hammata. Guga kuwa ba ta da wuri a nan, dutsen guga na gawayi yana narkar da yadin, zafin kuma yana ƙara kafe maiƙon da ya rage.

Ka kuma duba abin da kake shafawa kafin fita fili. A hunturu kusan dukkanmu muna laftar basilin ko man kaɗanya, kuma duk abin da aka shafa a ƙirji da kafaɗa a cikin jesi yake ƙarewa, basilin kuwa yana daga cikin abubuwan da suka fi wuyar fita daga poliyesta. Ka bar shafa mai sai bayan wankan dare, ko ka taƙaita shi ga ƙafa da hannu. In kana amfani da abin gogawa a hammata, ka bari ya bushe kafin ka sa riga, domin shi ne ke taruwa ya sa wurin ya yi tauri. Alimun da aka jiƙa aka goga a hammata mai tsabta yana rage wari da kuɗi kaɗan, sai dai a guje shi a ranar da aka yi aski don yana zafi. Cire gashin hammata, wanda sunna ta ce kada a bar shi ya wuce kwana 40, yana rage wurin da gumi ke maƙalewa, kuma ga ɗan wasa gara a yi shi tun kafin wa'adin.

Safa da takalmi su ne ke mayar da wari cikin jaka ko da riga ta fita. Ka wanke safa daban, a juye. Safar auduga da tawul suna jure ruwa mai zafi har digiri 60, kuma irin wannan zafin ne ke kashe naman gwarin da ke sa ƙaiƙayi tsakanin yatsun ƙafa. Takalmi kuma ka zare shimfiɗar cikinsa, ka sassauta igiya, ka cusa tsohuwar jarida ta tsotse danshi, ka ajiye shi a inuwa mai iska, sannan ka barbaɗa bekin soda a ciki ya kwana ka kakkaɓe da safe. Jakar kanta tana son wanki ko da sau biyu a wata, takalmi kuma ya samu ledarsa daban.

Batun sahun Magariba yana da sauƙi. Gumi ba najasa ba ne, sallarka da shi ta inganta, amma damuwarka ta kada ka cutar da na kusa da kai tana kan hanya. Ka riƙa tafiya da busasshiyar riga ta auduga da ƙaramin tawul a aljihun jaka na daban, idan an tashi ka goge jiki, ka wanke hammata a wajen alwala, ka canza riga. Jiƙaƙƙen jesin kuma ka rataye shi a wajen jakar har ka isa gida.

Idan ka yi babban wankin nan sau biyu ko uku, rigar ɗaya ta fita ɗayar ta ƙi, to wadda ta ƙi ta gama aikinta, kada ka ci gaba da zuba mata kuɗi. Shawarata ma ita ce ka riƙa yin atisayen yau da kullum da tsofaffin rigunan auduga, waɗanda za su yi maka nauyi da gumi amma suna fita da wanki ɗaya, ka bar jesi sai ranar wasa. Idan kuwa ka lura warin yana tasowa daga jikinka jim kaɗan bayan wanka ko da sabuwar riga, ko ka ga wani abu ruwan ɗorawa ya lulluɓe gashin hammata, ko ƙaiƙayi da jan tabo a matsematsi, to lamarin ya koma na fata, sai ka je asibiti a duba ka, domin akwai magungunan shafawa marasa tsada da ke warkar da irin waɗannan. Allah ya ba da sa'a a fili da makaranta.